Yadda Za Ka Ceto Kwamfutar 'Yarka Daga Masu Garkuwa Ba Tare Da An Gane Kai Ka Buɗe Musu Ƙofa Ba

Ɗan'uwa, idan da gumi a goshi kake karanta wannan, zauna ka sha ruwa. Ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawarin abu uku: cutar za ta fita, kwamfutar za ta tashi garau, kuma babu wanda zai zarge ka a gidanka. Biyun farko na tabbatar da su da kaina.

Sunana Halliru, dillalin shanu ne ni a Kara ta Wudil, shekara ashirin da shida ina tsayawa tsakanin mai saniya da mai saye. Boko a firamare na tsaya. Ilimin kwamfuta kuwa a kwana biyar na same shi.

Mataki na ɗaya: Ka samo cutar

Ba a maganin ciwon da babu, don haka daga nan za mu fara.

Kana buƙatar 'ya da ke shekarar ƙarshe a jami'a. Tawa Sharifa ce, noma take karanta. Wata huɗu ta yi tana bin gonakin Ɗankaza tana tambayar manoma yadda suke amfani da taki, ta zuba duk amsoshin a kwamfutarta. Ranar Litinin za ta miƙa aikin. Idan ta kuskure, sai baɗi.

Ka jira Laraba, ta tafi bikin ƙawarta a Indabo. Za ta ɗora kwamfutar a kan akwati ta ce, "Baba, don Allah kar a bari kowa ya taɓa." Ka amsa da to. Kai ba kowa ba ne. Kai ka sayar da sa ka saya mata.

Sai ka ɗauko filashin da ka sa mai turin fina-finai a kasuwa ya cika maka da wasan dambe. Waya ƙarama ce, ido kuma ya fara rauni. Da ka soka shi, kwamfutar za ta fito da wani akwati mai ruwan ɗorawa ta tambaye ka wani abu da Turanci. Ka danna. Za ta sake tambaya. A Kara, idan mai kaya ya ce maka "ka tabbata?" har sau biyu, ya kusa sallamawa ne. Ka sake dannawa.

Mataki na biyu: Ka gane ta kamu

Za ka kalli dambenka na minti goma lafiya lau. Daga nan kwamfutar za ta fara gurnani kamar injin markaɗe, sai fuskarta ta koma ja, da dogon rubutu, da agogo a sama mai tafiya da baya daga awa saba'in da biyu.

Ka kashe ka kunna. Ka fifita ta da mafici. Ka juya ta rub da ciki ka ɗan bubbuga bayanta, kamar yadda ake yi wa rediyo. Babu ɗaya da zai yi aiki, amma ya kamata mutum ya san ya yi iya ƙoƙarinsa.

A nan ne uwargida za ta ɗaga labule. Tawa Talatu ce.

"Malam, me kake yi da kayan yarinya?"

"Goge mata nake yi."

"Gogewa ce ta sa ka gumi haka?"

Kada ka amsa. Ka ci gaba da gogewa har ta saki labulen.

Mataki na uku: Ka nemo mai Turanci

Ka zaɓi wanda ba shi da surutu. In babu, ka kira Tasi'u, abokin sana'ata, wanda ya yi sakandare har aji uku. Ya karanta jan allon da yatsa, layi bayan layi, sannan ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Halliru, garkuwa aka yi da ita."

"Ga ta a kan tabarma. Ina aka kai ta?"

"Gangar jikin ce a nan. Duk abin da ke ciki sun kulle, makullin yana hannunsu. Sun ce dala ɗari tara, da wani kuɗin intanet da ba a riƙe shi a hannu. In agogon nan ya ƙare, su jefar da makullin."

"Nawa ke nan a kuɗinmu?"

Ya motsa leɓe yana lissafi. "Ka tuna bijimin nan na Fulanin Gaya, mai farin goshi?"

Na tuna shi.

Mataki na huɗu: Ka yi ciniki

Kada farashin farko ya razana ka. Babu mai faɗin kuɗin gaskiya a bakin farko, ko da ɓarawo ne. A ƙasan jan allon akwai wajen rubuta musu saƙo. Tasi'u ya jona kwamfutar da datar wayarsa, ina faɗa yana juyawa.

Ka fara da gaisuwa. Mun tambaye su gajiya, mun tambayi iyali, mun yi musu fatan kasuwa mai albarka, sai Tasi'u ya ce a goge wannan ta ƙarshen.

Sannan ka kushe kayan. Na ce kwamfutar tsohuwa ce, ta hannu ce, batirinta ba ya riƙe wuta, abin da ke cikinta kuwa hirar taki ce kawai. Na taya dubu goma sha biyar.

Amsa ta zo kafin Tasi'u ya ɗauke yatsansa.

"Me suka ce? Albarka?"

"Sun ce ka biya ko ka rasa."

"Gaisuwar fa?"

"Ko lafiya lau ba su ce ba."

To yanzu sai ka yi abin da ba ya ƙi a Kara: ka tashi ka yi kamar ka fasa. Na karkaɗe rigata, na sa takalmi, na fita har ƙofar gida, na tsaya ina jiran a kira ni. Na yi kusan rabin awa ina gaisawa da masu wucewa. Sai Tasi'u ya leƙo.

"Mutumina, agogon fa tafiya yake."

Mataki na biyar: Ka nemi ganin kayan da idonka

Ba a cinikin biri a sama. Na ce su nuna min abin da suka kama yana da rai tukuna. Ga mamakina, sun yarda. Suka ce in zaɓi fayil ɗaya, guda ɗaya tak, su buɗe shi kyauta.

Ka natsu a nan, domin dama ce da ba ta dawowa. Sunayen duk sun hargitsa su, ba a gane komai, amma a gefen kowanne akwai lambar da ke nuna nauyinsa. Wannan kuwa fagena ne. Idan aka ce ka zaɓi dabba ɗaya a garke kyauta, ba ka ɗaukar maraƙi. Aikin wata huɗu dole ya fi kowa nauyi.

"Ga wani nan," in ji Tasi'u. "Ya ninka sauran sau ɗari."

"Shi za mu kama."

Suka cika alkawari. Fayil ɗin ya buɗe, kiɗa ya tashi, ga 'yan dambe biyu suna zagaya fili. Ashe filashin ya kwafe wasan a cikin kwamfutar.

Tunda an riga an buɗe, mun kalla har ƙarshe. A turmi na biyu aka yi kisa.

Mataki na shida: Ka je wajen wanda ya sani

Wasu suna farawa da wannan matakin. Ra'ayinsu ne.

Alhamis da safe na naɗe kwamfutar a darduma na kai wa Labaran mai gyara, da ke da shago kusa da tasha. Dattijo ne, ba ya dariya a bakin aiki.

"Malam Halliru, da ka ga jan allon nan, me kuka fara yi?"

"Mun jona ta da intanet."

"Shi ake fara cirewa. Filashin fa?"

"Na ara wa Tasi'u."

Ya runtse ido. "Kira shi yanzu, ka ce kar ya soka shi a ko'ina."

Bayan na kira, ya yi min bayani. Ya ce in ɗauka ɓarawo ne ya shiga ɗaki bai fita da komai ba, sai ya zuba kowane kaya a akwati ya sa kwaɗo, ya tafi da makullai. Korar ɓarawon aikin awa biyu ne: a share kwamfutar tas, a zuba mata sabon tsari. Amma korarsa ba ta buɗe kwaɗo ko ɗaya. Akwai irin cutar da masana suka samo makullinta suka raba wa duniya kyauta. Ya duba, tawa ba ta ciki.

"In na sayar da dabba na biya fa?"

"Wani ya biya an buɗe masa. Wani ya biya an ƙara masa kuɗi. Wani ya biya ya ji shiru. Wa za ka kai ƙara?" Ya rufe murfin. "Tana da kwafin aikin a wani waje?"

"Ban sani ba."

"To ba zan share komai ba sai mai ita ta zo."

"Ba yadda za a yi a gama kafin ta dawo?"

"Malam Halliru, ni kwamfuta nake gyarawa."

Mataki na bakwai: Ka yi shiru

Ka mayar da ita kan akwatin, daidai yadda take. Ka zauna a tsakar gida da rediyo a kunne.

Da la'asar Sharifa ta dawo da lalle a hannu, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ajiye min alkakin biki. Ta shiga ɗaki. Na jira ihu, ban ji ba. Da ta fito, muryarta a ƙasa take.

"Baba, na cuci kaina."

Ta ce makon jiya ta ari filashin wata 'yar ajinsu, tabbas daga nan ne. Babi uku na farko suna cikin imel ɗin malamin da ke duba aikinta, waɗannan ba su ɓata ba. Amma babi na huɗu, mai lambobin manoma, babu shi ko'ina.

"Ka sayar da sa ka saya min, ni kuma na yi sakaci. Ka yafe min, Baba."

Ka lura, a nan shirinka ya yi nasara ɗari bisa ɗari. Babu mai zarginka, har gafararka ake nema. Abin da ya rage kawai ka haɗiye alkakin da ke bakinka. Ni dai ya ƙi wucewa.

Talatu ta taso daga bakin murhu. Ta kawo min tuwo, ta ajiye kwanon da ɗan ƙarfi.

Mataki na takwas: Wannan ba ya cikin shirin

Juma'a da safe na sa rigar kasuwa, na ɗauki sandata. Sharifa tana zaune a bakin ƙofar ɗakin uwarta da waya a hannu, idanunta sun kumbura. Tana rubuta wa malaminta a ɗage mata zuwa baɗi.

"Baba, kai ka saba magana da manya. Yaya ake gaya wa babba cewa an gaza?"

Na jingine sandar. Na ce, "Ni ne."

Idan ka kai nan, ka faɗa a jere, kada ka tsallake komai: akwatin, filashin, tambaya sau biyu, dannawa sau biyu. Har fayil ɗin kyauta na faɗa.

"Dambe, Baba?"

"Dambe."

Daga bakin murhu Talatu ta ce, "To wa ya yi kisan, Malam? Kar a yi asara biyu."

Sharifa ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi kuka ba. Ta duba wayarta. Sannan ta goge saƙon, ta shiga ɗaki, ta janyo wata jakar bakko. Takardun da ta cike a gonaki ne, ɗari biyu da arba'in, kowacce da amsa talatin.

"Ni kaɗai ina dubawa ina bugawa, ba zan gama kafin Litinin ba, shi ya sa na haƙura. Amma in wani yana karanta min, ina bugawa..."

"Yau fa Juma'a ce, ranar kasuwa. Kara..."

"Na sani, Baba."

Mataki na tara: Ka karanta lambobi

Da Sharifa ta kai ta da kanta, Labaran ya share kwamfutar kafin a tafi masallaci, jan allo da agogonsa suka tafi tare. Da na dawo, aka shimfiɗa mana tabarma a inuwa.

"Takarda ta tamanin da bakwai. Kadada ɗaya da rabi. Buhun taki uku."

"Uku ko takwas?"

"Uku."

"Baba, sa tabarau."

Takwas ne.

Kwana uku muka yi a haka, kullum har magariba. Tasi'u ya kira sau goma sha ɗaya daga Kara, ban ɗaga ba. Ranar Litinin kafin azahar ta miƙa aikin. Ta dawo ta ajiye kwafi a imel, wani a sabon filashi, sannan ta sa wa kwamfutar kalmar sirri. Uwarta ta san kalmar.

Faɗakarwa

Wanda ya rubuta wannan dillalin shanu ne, kuma ko a kan shanu ba kullum ake jin shawararsa ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa fayil, ko ranar kasuwa, ko girma a idon iyalinsa, kada ya neme ni a Kara, kada ya aiko gida. Alkawari na uku na janye shi. Mai neman gyara ya je wajen Labaran tun a matakin farko, amma kar ya ce ni na turo shi.