Malam Hambali da Faifai na Huɗu

Duk faɗin Funtuwa babu wanda ya san ƙasar Japan kamar Malam Hambali. Shi ya gaya mana, kuma ba mu da hujjar ƙaryata mutumin da ya taɓa yin awa shida a filin jirginsu yana jiran wani jirgin.

Shekara ashirin ke nan yana ɗibar mana ilimin awa shidan nan, bai ga ƙasan tukunya ba. Ko mota ce ta wuce, sai ya faɗi unguwar da aka ƙera ta.

To, Alhaji Tanimu mai injinan ban-ruwa zai je Japan sayayya, yana neman ɗan rakiya masanin gari. Hambali ya ɗinka kaftani tun ba a neme shi ba. Alhaji mutum ne mai son tsofaffin takubba, abokin cinikinsa na can kuma ya aiko masa da tsaraba: faya-fayan ƙarfe guda uku, irin waɗanda ake sawa tsakanin ƙotar takobi da kaifinsa don kare hannu, kowanne da zanensa. Alhaji ya ce in Hambali ya fassara zanen, kujerar jirgi tasa ce.

Muka taru a zauren Alhaji da hantsi. Aka aika cikin gida a kawo tiren da aka shanya faya-fayan a kai bayan an goge su da mai. Tire ya zo da faifai huɗu. Alhaji ya buɗe baki zai yi magana, Hambali ya ɗaga masa hannu.

Na farko mai zanen gauraka ne a bakin ruwa. Hambali ya ce talo-talo ne, aikin ɗan koyo. Na biyu igiyar ruwa ce. Ya ce taliya ce, takobin kukun sarki. Na uku mai fure ko kallon kirki bai samu ba, ya ce irinsa a filin jirgi tsibi-tsibi ake kasawa.

Sai ya kai ga na huɗu. Baƙi ne wuluk, mai nauyi, da rami a tsakiya da ƙananan huji zagaye da shi. Hambali ya miƙe zumbur, ya cire hula, ya rusuna wa tire.

"Alhaji, wannan ba a riƙe shi a zaune."

"Malam, uku fa aka aiko mini."

"Irinsa ba ya shiga takarda. Ɓoye shi ake yi."

Ya ce kowane huji kan abokin gaba ne da mai takobin ya sare, ya ƙirga mana arba'in da takwas. Jan abin da ya maƙale a ciki kuwa jini ne, shekararsa ɗari huɗu. Ya ƙara da cewa masana a can ba sa yarda da ido, da harshe suke tantance ƙarfe. Ya zaro harshe ya lashi faifan tun daga wannan baki har wancan.

Idanunsa suka kaɗa jawur, hawaye sharr, sai atishawa biyu a jere. Ya ce kada mu damu, tarihi ne yake taɓa shi. Tarihin ya sa ya shanye ruwan buta.

Ana haka sai Gwaggo Hansai mai girkin gidan ta yi sallama daga bakin ƙofa. Ta ce a gafarce ta, ko faifan injin niƙanta ya biyo tiren? Ta cire shi ne za ta wanke, attaruhu ya toshe masa huji, ga miya na jira.

Ta hango shi a hannun Hambali, ya riƙe da hannu biyu. Ta karɓa, ta juya shi, ta ga inda yake sheƙi.

"Ashe har ka fara mini wankin. Sannu da aiki, Malam."

Alhaji ya tashi ranar Talata da ƙanin matarsa, wanda bai san komai game da Japan ba kuma bai ɓoye ba. Kaftanin Hambali ya sha ɗaurin aure biyu tun daga lokacin.

Daga baya na roƙi Gwaggo ta ara mini faifan, na ƙirga hujin a natse. Hamsin ne.