Yadda Za Ka Ɗauki Kofin Yanki Bayan An Lallasa Ka a Fili

Ajiye takalman ƙwallon nan tukuna. Ajiye 'yan wasan naka ma, tunda ka ga iyakar abin da za su iya. Ni Malachy Feerick, sakataren ƙungiyar ƙwallon Gelik (mai hannu da ƙafa) ta gundumar Kilvarna shekara ashirin da shida, zan koya maka yadda ake cin kofin ƙaramin aji na yanki da biro da takarda, kwana goma sha ɗaya bayan an doke ka a gaban jama'a. Na gwada, ya yi aiki. Yanzu haka kofin yana kan teburin cin abincina. In ka bi matakan nan bai yi maka ba, to ba ka da zuciya ke nan. Ko kuma kana da ita, wanda ya fi muni.

Mataki na 1: Ka fara shan kashi

Ba a ƙorafi sai an sha kashi, don haka ka tanadi ƙungiyar da za ta iya. Tamu ba ta taɓa ba ni kunya ta wannan fannin ba. Kada sunan ƙaramin aji ya ruɗe ka, babu yaro ko ɗaya a ciki. Manoma ne masu tumbi, da wasu 'yan'uwa biyu da ba sa miƙa wa juna ƙwallo tun rigimar shinge, da gola mai shekara arba'in da huɗu wanda ke zuƙar taba a hutun rabin lokaci. Shekara arba'in da ɗaya rabonmu da kofi.

Ka lallaɓa da su har wasan ƙarshe. Ka tabbata da maƙwabta za ku kara, irin Tubberlea, waɗanda rafi ɗaya kawai ya raba gundumar cocinmu da tasu. Ka bari a yi kunnen doki har minti na ƙarshe, sannan wani dogo ya ɗaga ƙwallo ta haye sandar raga, wanda a wasanmu maki ɗaya ne, alƙali ya hura tashi.

In Allah ya so ka da rahama, dogon nan surukinka ne. Nawa sunansa Finbarr Creedon, likitan dabbobi, baƙo daga kudu, mijin Dervla, 'yata tilo.

Mataki na 2: Ka manta da abin da ka faɗa

Shekara huɗu da suka wuce, wataƙila surukin nan ya zo har gida da takardar canjin ƙungiya a hannu, yana sunkuyar da kai, ya ce yana so ya buga wa Kilvarna. Wataƙila ka dubi ƙafafunsa ka ce, "Da waɗannan sillayen? Mu nan sai wanda aka binne kakansa a maƙabartarmu." Shi kuma ya ninke takardarsa ya kai wa Tubberlea.

Ka shafe wannan daga kanka ƙaf. Sakatare nagari yana tuna abin da aka rubuta ne kawai, wannan kuwa ba wanda ya rubuta.

Mataki na 3: Ka yi musafaha inda kowa zai gani

Ka taka har tsakiyar fili, ka kama hannunsa, ka girgiza sosai.

"Yi haƙuri, Malachy," in ji Finbarr, "iska ce ta taimake ni."

Ka ce ba komai, wasa ne. Ka faɗa da ƙarfi saboda shaidu.

'Yarka za ta ƙaraso tana tafiya a hankali da cikinta wata bakwai, hular Kilvarna a ka, mayafin Tubberlea a wuya, don kada ran kowa ya ɓaci. Za ta rungume ka ta ce, "Baba, kada ka sa abin a ranka. Gobe ka leƙo mana, ƙofar sabon ɗakin nan tana cijewa."

Ka ce to. Kwana uku kacal doka ta ba ka ka shigar da ƙorafi, ga shi an gayyace ka da tef ɗin awon gini a aljihu.

Mataki na 4: Ka san inda rafi ya bi

Nan ilimin yake, ka buɗe kunne. A yankinmu, baƙon da ya zo daga wani wuri, gundumar da yake kwana a cikinta ita yake buga wa. Ba inda yake cin abinci ba, ba inda ake kai masa wasiƙa ba. Inda ya sa haƙarƙarinsa.

Gidan Finbarr a bakin iyaka yake. Ƙofar gaba da kicin da tsohon ɗaki duk suna Tubberlea, kowa ya san haka. Amma bara sun ƙara ɗaki ta baya, rafin kuma ya tare hanya, sai aka sa shi a bututu aka zuba siminti a kai. Wa ya binne bututun? Kai. Da hannunka, da ciwon bayanka, sati uku, saboda 'yarka ce. Duk duniya kai kaɗai ka san sabon ɗakin ya tsallaka cikin Kilvarna, mai kwana a cikinsa kuwa bai cancanci buga wa Tubberlea ba.

Ka ga amfanin taimakon dangi ke nan. Ba ka san ranar da zai zama hujja ba.

Ka je ranar Litinin ka gyara ƙofar tsakani da Allah, ka fere ta har ta riƙa rufuwa ba ƙara. In ta kawo shayi, ka tambaya kamar ba komai: "Kun dai koma sabon ɗakin ko?"

"Tun bikin Ista, Baba," in ji Dervla. "Kullum da safe rana har kan gado. Sai in ce wa Finbarr, ka ga aikin Babana." Ta ja hannuna ta nuna mini lungun taga. "Nan za mu sa gadon jariri."

Ka yaba lungun. Da ta koma kicin ɗauko maka biskit, ka ja awo daga murfin bututu zuwa kan gado. Ƙafa goma sha huɗu cikin Kilvarna. Ka rubuta a tafin hannu, ka rubuta "tun Ista" a ƙarƙashi. Ka sa hannun a aljihu kafin ta dawo.

Mataki na 5: Ka ɓoye wa matarka

Ba za ka iya ba, amma ka gwada. Tawa, Attracta, shekara talatin tana wanke jesin ƙungiya tana shanyawa bisa lamba, ɗaya zuwa sha biyar. Macen da ta san wandon kowane namiji a gunduma ba za ka ɓoye mata takarda ba.

Ta same ni a tebur da zanen a gabana.

"Gidan wa ka zana?"

"Sha'anin ƙungiya ne."

"Wannan da ka kewaye da jan biro fa?"

Na ce alama ce kawai.

"Gadon 'yarka ne, Malachy."

"Doka ce, Attracta. Ba ni na rubuta ta ba."

Sannan ta ce, "In ka kai takardar nan, ka koyi dafa dankali."

Kada wannan ya tayar maka da hankali, mata sukan faɗi haka. Amma dai ka sani, a ruwan sanyi ake sa shi, da gishiri kaɗan, minti ashirin.

Mataki na 6: Kada ka karɓi sulhu

Kwamitin yanki zai zauna a ɗakin baya na otal, dattawa bakwai da butar shayi. Ka zo da tsohuwar taswirar gunduma da ka aro wajen Fada, limamin cocinku, ba tare da ka gaya masa dalili ba. Ka shimfiɗa ta, ka ɗora zanenka a kai, ka yi bayani a nutse irin na wanda abin ya dame shi.

Shugaban kwamiti, Pakie Lavin, wanda muka yi firamare tare, ya cire tabarau ya ce, "To wa ya shaida cewa a ɗakin yake kwana?"

Na ce, "Matarsa."

Wani dattijo ya ajiye biskit ɗin da ya riga ya tsoma.

Nan ne za su gwada ka. Pakie zai matso ya rage murya: "Malachy, mu ba da a sake wasan mana. Ko ka janye, mu sha shayi mu tafi gida, ba wanda ya ji." Kada ka yarda. In aka sake wasan, da 'yan wasanka za ka buga shi, ka kuwa san su.

Sai a kira surukin. Ga wata dama da zai iya kuɓuta: ya ce a tsohon ɗaki yake kwana saboda minshari, wa zai ƙaryata shi? Amma ka kwantar da hankalinka, mai gaskiya ya fi kowa sauƙin kayarwa.

"Ina kake kwana, Finbarr?" in ji Pakie.

Bai dubi Pakie ba, ni ya duba. "A ɗakin da surukina ya gina mini."

Shi ke nan. Kofi na Kilvarna, shi kuma an dakatar da shi shekara guda. Na ji kunya a wurin, ba zan ɓoye maka ba, irin wadda ke sa kunne zafi. Ka yi tsammaninta, ka kalli taswira har ta wuce.

Mataki na 7: Ka yi biki ko da kai kaɗai ne

Al'ada dai a kunna wuta a mararraba, a ɗora 'yan wasa a bayan tarakta, kyaftin ya ɗaga kofi, mata su fito da burodi da nama. Ka shirya duka.

Tubberlea za su aiko da kofin a cikin buhun taki. Kyaftin ɗinka zai ce kafaɗarsa ta goce. Golanka, wanda tun yana saurayi yake mafarkin lambar yabo, zai juya tasa a hannu ya mayar maka ya ce, "Rataya wa biron naka, sakatare, shi ya ci." Mutum tara suka zo namu bikin, har da wanda ya tsaya tambayar hanya. Ba burodi, don mai yanka shi, Attracta, ta kwashe kayanta ta koma gidan 'yarta, wai taya ta zaman jiran haihuwa.

Ranar Lahadi a coci za ka ga an bar maka benci guda kai kaɗai. Girmamawa ce.

Mataki na 8: Ka kai kofin a sa jariri

Wannan ne ladan duka wahalar. Shekarar da gunduma ta ci kofi, duk jaririn da aka haifa sai an zaunar da shi a ciki an ɗauki hoto. Lokacin da aka haifi Dervla ba mu da kofi. Na yi mata alkawari tana cikin zanen goyo, ita ba ta sani ba, cewa nata ɗan zai shiga.

Za ka ji labarin haihuwar a bakin mai kawo wasiƙa. Namiji ne, kwana biyar ke nan. Ka goge kofin da tsumma har ka ga fuskarka, ka sa rigar zuwa coci, ka ɗaura wa kofin bel a kujerar gaba ta mota.

Dervla ta buɗe ƙofar gaba. Ta dubi kofin, ta dube ni.

"Zagaya ta baya, Baba. Nan Tubberlea ce."

Na zagaya. Ƙofar baya a buɗe take, sabon ɗakin kuma wayam. Ba gado, ba labule, sai sawun ƙafafun gado huɗu a kan dabe da rana kwance a lungun taga. Ƙofar da ke shiga cikin gida a kulle. Na taɓa ta. Ko motsi ba ta yi ba, aikin hannuna ne.

Ta bayanta ina jin kukan jariri, ina jin Attracta tana rarrashinsa da muryar da ta yi wa Dervla.

"Nan ne gundumarka," in ji Dervla ta bayan ƙofa. "Zauna iya son ranka. In kana son sanin nisan da ke tsakaninku, ai kana da awo."

Na ce, "Wane suna aka sa masa?"

"Da Malachy za a sa."

"Yanzu fa?"

"Yana cikin rajistar cocin Tubberlea. Je ka duba, Baba. Ai takarda ka fi yarda da ita."

Ka ɗan zauna a ƙasa da kofin a cinya. Zai yi maka ciwo fiye da duk kashin da ka sha a shekara arba'in da ɗaya, gara ka sani tun yanzu. In ƙafarka ta yi sanyi, ka tashi ka ja ƙofar baya, kada iska ta shiga musu.

Gargaɗi

Marubucin nan ba shi da alhakin duk abin da ya biyo baya. Ya yi alkawarin kofi, kofi kuma ya zo. Bencin coci, dankalin da ya ƙone, waya da ba a ɗauka, duk tsakaninka ne da iyalinka, kada a kawo ƙara ofishin sakatare. Doka tana gefenka, za ka iya karanta ta da ƙarfi a kicin duk lokacin da gidan ya yi shiru da yawa.

Kofin yana nan, duk mai jariri a Kilvarna zai iya zuwa aro, har yau dai ba wanda ya zo. In kuma cikin masu karatu akwai mai bi ta cocin Tubberlea ranar Lahadi, don Allah ya leƙa keken jaririn da ke benci na uku, ya zo ya gaya mini da wa ya yi kama.