Babur Mai Jan Ciki

Duk duniya babu babur ɗin da ya iya shan kwana kamar na Mai Walda. Shi ya faɗa, shi kuma ya gyara abinsa: ya ƙara wa wuyan tsawo, ya sauke cikin har kaza ba ta iya wucewa ta ƙasa. Abin da ya rage kawai shi ne babur ɗin bai taɓa shan kwana ba.

"...lafiya lau, bawana," in ji Tela, taubashinsa, yana kafe nasa babur a ƙofar shagon. Shi kuma ya faɗaɗa hannun babur ɗin nasa, ya ɗinka masa sirdi kamar kujerar falo. "Kaka ta ce a kai mata tabaraunta da aka gyara. Kawo, ni zan kai. Wannan ƙadangaren naka sai jibi."

"Kai da ke tuƙa gado? Lanƙwasa goma sha bakwai ce tsakaninmu da gidan Kaka. A ta uku barci zai ɗauke ka."

"Gara barci da noma. Naka in ya bi hanya, shuka kawai ya rage."

"Mu je mu gani. Wanda ya zo na biyu ya mayar da babur ɗinsa yadda kamfani ya yi shi."

"Da hannunsa, a gaban mutane. Kaka ce alƙali."

Wata huɗu Mai Walda ya yi yana yanka yana liƙawa. Ya buga babur.

A lanƙwasa ta farko matakin ƙafa ya kartsi kwalta, tartsatsi ya tashi. Tela ya wuce shi yana ɗaga hannu.

"Walda kake yi ko tuƙi?"

"Haska maka hanya nake!"

A ta tara salansa ta faɗi. Ya ɗaure ta da waya, ya ƙona yatsa biyu, ya sake hawa. A ta sha huɗu ya tarar da Tela, hannun babur ya maƙale a shinge, yana ja da baya da ƙafa.

"Sannu da ɗinki. In aiko maka da almakashi?"

Kusan tare suka isa. Tayar Mai Walda ce ta fara taɓa dakalin Kaka, saboda dogon wuya.

"Kaka, wa ya riga?"

"Na dai ji ƙara biyu," in ji ta. "Ɗaya kamar injin niƙa, ɗaya kamar mai tari. Ku wane ne ma?"

"Shi ke nan, ba shaida," in ji Tela.

Mai Walda ya ɗaga ƙafarsa ta hagu. Kwalta ta cinye rabin takalmin, babban yatsa na leƙe.

Tela ya duba, ya duba, dariya ta ƙwace masa.

"Ka ci, bawana. Wanda ya ba hanya takalminsa ba a jayayya da shi. Gobe zan kwance sirdin. Ka ɗauka ma, ka sa a shago, baƙinka su daina zama a kan gwangwani."

Kaka ta miƙo hannu. "To, ku ba ni tabarauna in ga wanda ya ci."

Suka dubi juna. Tabarau yana kan teburin walda, kusa da guduma.