Alƙalin da Ya Hana Shiru

Da masu rawar swing, rawar Turawa ta bibbiyu, na birnin Lyon suka gayyace ni alƙalancin gasar DJ, ban yi mamaki ba. Ni ke saka kiɗa a bukukuwan Hausawan Faransa daga garin Vaulx-en-Velin har Stains, kuma doka ɗaya na sani: in kiɗa ya tsaya, biki ya mutu. Na zuba babbar riga na tafi.

Duk DJ ɗin da ya hau sai ya bar ɗan shiru tsakanin waƙa da waƙa. Na dinga zabga musu sifili ba tausayi. Can sai wani ya jero waƙoƙi ba numfashi. Na miƙe ina tafi ni kaɗai, kuma makina ne ya kai shi na ɗaya. Sauran alƙalai suna ta harara ta, na ɗauka hassada ce.

Ƙanwata Rakiya, wadda ke rawa da su, ta jawo hannun rigata. "Yaya, a cikin shirun nan ake yi wa juna godiya a canza abokin rawa. Dubi fili."

Na duba. Kowa yana riƙe da wanda ya fara da shi, gumi sharkaf, kunya ta hana a saki hannu.

Ba su sake gayyata ta ba. Amma biyu daga cikin masu rawar da na ɗaure da juna ɗin nan sun yi aure a Paris, kuma ni na saka musu kiɗa.

Har yau, in na ɗan yi shiru a gida, sai Rakiya ta ce, "Yaya, sifili."