Bizar Mai Shagon Katifa

Wani ne yake da shagon katifa a bakin titi. Na ce yake da shi, don sunansa ne a jikin allo. Amma sarin kaya, ciniki, rigima da mai motar dako, duk matarsa ce. Shi aikinsa ɗaya ne tak: da ya buɗe ƙofa da safe sai ya zaɓi katifa mafi kauri a can ƙurya ya miƙe, wai yana gwada ingancin kaya.

Rannan yana kwance yana latsa waya, sai ya ga hoton wani abokinsa na yarinta a ƙasar waje. Abokin ya sha wata jibgegiyar kwat, ya jingina da motar da ko tantama babu ba tasa ba ce. Ai kuwa barci ya ƙaurace wa idon mutuminku. Ya tashi zaune ya ce, "Wannan da muke kwasar sifiri tare a aji? Wallahi ni ma sai na fita!"

Matar tana ɗaure wa wani katifa da igiya, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Fara fita daga kan wannan tukuna, an saye ta."

Washegari sai ga shi a ofishin wani ejan mai haɗa wa mutane takardun biza. Ɗan ɗaki ne a saman bene, an manna taswirar duniya a bango, fanka tana juyawa tana kuka.

Ejan ya ce, "Oga, ku 'yan kasuwa ai hanyoyinku da yawa. Akwai ta masu zuba jari. Ka kai musu kuɗi masu nauyi, su ba ka izinin zama."

"Nauyi kamar yaya?"

Ejan ya matso ya raɗa masa a kunne. Mutumin ya nemi ruwa ya sha, sannan ya ce, "Ƙasar gaba ɗaya za su sayar min? Wuce gaba."

"Akwai ta masu sabuwar fasaha. Ka zo da abin da duniya ba ta taɓa gani ba."

"Yawwa! Ina da shi. Katifa mai matashi a haɗe, ko ka yi birgima ba zai gudu ba."

Ejan ya dube shi ya ce, "Mu dai wuce gaba. Akwai ta mai kamfani da zai je ya buɗe reshe a can. Za ka nuna musu kasuwancinka yana da rai, kana da ma'aikata, kuma kai ne kan gaba."

Mutumin ya doki tebur. "Faɗuwa ta zo daidai da zama! Wannan ai don ni aka yi ta."

Aka cike takardu, aka sa ranar da jami'ar ofishin jakadanci za ta kira ta bidiyo ta ga shagon da idonta. Zo ka ga shiri! Ya aro kwat da ta fi ƙarfinsa, hannuwan sun haɗiye yatsunsa. Ya aro kujera mai juyi wurin mai aski. Ya ɗauko wani kawunsa da ke zaman kashe wando a gida, ya ce daga yau shi ne manaja. Matar kuwa ya ce mata, "Ke ƙaramar ma'aikaciya ce. In an tambaye ki, ki ce ni nake ba ki umarni."

Ta ce, "To, Maigida. Ba ni guda ɗaya in ji yadda yake."

Da ranar ta zo, waya ta yi ƙara. Ya jingina ta da kwalin matasai, ya hau kujera ya harɗe, ya ƙame kamar ya haɗiyi taɓarya. Jami'ar ta bayyana, wata dattijuwa mai tabarau, fuskar nan ba wasa.

"Kai ne mai wannan kamfani?"

"Ni ne, ranki ya daɗe. Ni na kafa shi da gumina."

Bai rufe baki ba sai ga wata mata ta shigo. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Malam, ɗan matsa. Ina mai shagon?"

"Ga ni."

"A'a, mai shagon nake nufi." Ta leƙa bayansa. "Yawwa, ga ta can!"

Ya yi wa waya murmushi ya ce, "Wasa muke da ita, tsohuwar kwastoma ce."

Jami'ar ta ce tana son ganin manaja. Ya juya wayar wajen ƙurya. Kawu fa tunda ya ɗora haƙarƙarinsa a kan katifa mai laushi, ya yi nisa. Baki a buɗe, minshari har yana kaɗa ledar katifar.

"Wannan shi ne manajan?"

"Shi ne. Sashen gwaji yake dubawa. Ba ma sayar da abin da ba mu tabbatar ba."

Ta rubuta wani abu. Sannan ta ce, "In ka tafi, wa zai riƙe nan?"

To nan fa mutuminku ya ga dama ta samu ta nuna isa. Ya gyara wuyan kwat ya ce, "Ranki ya daɗe, ba fariya ba, in babu ni babu shagon nan. Ko banɗaki na zaga ciniki tsayawa yake. Ranar da na sa ƙafa na fita, kafin jirgi ya tashi an rufe ƙofar nan da kwaɗo."

Jami'ar ta cire tabarau ta ce, "Ash! To ai sharaɗinmu shi ne uwar kamfani ta ci gaba da aiki a gida. In tushe ya mutu, reshen me za ka buɗe? Amma zan ba ka dama ka zo ofis ka yi ƙarin bayani."

Ƙit, ta kashe. Ya yi tsuru-tsuru a kan kujerar mai aski, zufa tana bin cikin kwat ɗin aro. Ga shi ya riga ya gaya wa duk 'yan layin cewa tafiya ta zo, har ya yi wa maƙwabci alkawarin kekensa.

Ya koma wurin ejan a guje. Ejan ya dafe kai ya ce, "Oga, ka ɓata rawarka da tsalle. Yanzu dole ka gamsar da ita cewa shagon zai rayu ko ba ka nan."

"Shi ke nan? Bar ni da ita."

Ranar ganawa bai je shi kaɗai ba. Ya tafi da matarsa, ya kuma je har gida ya durƙusa ya roƙi surukarsa ta zo ta ba da shaida. Da tsohuwar ta ji irin shaidar da ake so, ko mayafi ba ta tsaya zaɓa ba.

Suka shiga wani ɗaki mai sanyi, jami'ar tana bayan gilashi. Mutumin ya ce, "Ranki ya daɗe, wancan karon ƙarya na shara miki. Gaskiyar magana, ban taɓa tsinana komai a shagon nan ba. Ko farashin matashi ban sani ba. Ga Mama, ki tambaye ta."

Surukar ta matso da kujera har jikin gilashi ta ce, "'Yar nan, kina da lokaci?"

"Ina da shi."

Ai kuwa ta buɗe baki. Ta faɗi ranar da yana barci aka sayi katifar da ke ƙarƙashinsa, sai da aka mirgina shi kan wata, bai farka ba. Ta faɗi ranar da aka bar masa shago, ya ba wani bashin katifa bai tambayi ko sunansa ba. Ta ce, "Ranar da mura ta kwantar da shi a gida, ciniki sai da ya ninka, don mutane sun samu wurin wucewa."

Shi kuwa sai gyaɗa kai yake, yana washe baki. "Ƙwarai! Mama, ki ƙara da zancen makullin nan da na jefa a kwata."

Ta ƙara, har da wanda bai tambaya ba.

Jami'ar ta ajiye biro ta ce, "Na gamsu. Lallai shagon nan zai rayu ba kai."

"Alhamdu lillahi!"

"Sai dai bizar nan ta wanda ke tafiyar da kasuwanci ce. Wa ke tafiyar da naku?"

Da shi da surukar suka nuna matar a tare. Jami'ar ta ce su ɗan jira a waje, tana son magana da ita.

Bayan 'yan makonni sai ga matar ta shigo shago da fasfo a hannu, biza ta fito sumul da hotonta. Mutumin ya juya shafi, ya sake juyawa, har ya girgiza fasfon ko tasa za ta faɗo.

"Ina tawa?"

"Babu. Ni zan je in buɗe reshen."

"To shagon nan fa? Ai ni ba zan iya ba, na rantse gaban hukuma!"

"Kwantar da hankalinka, Mama za ta riƙe."

Ya dubi surukarsa, har ta hau kujerar ciniki tana gyara zama. Ya juyo wajen matarsa ya ce, "To ni fa? Ni me zan yi?"

Matar ta zuge jaka ta ce, "Abin da ka saba, Maigida. Sun ce kada a canza komai."