Daren da Na Ba Rauta Hutu

Shekarar da na kawo rauta, na'urar raba intanet, gidanmu na Daura, ji nake ba wanda ya kai ni sani. Na tara kowa na yi jawabi: na'ura ma tana gajiya, dole a kashe ta da dare. Inna, Allah ya jiƙanta, ta ce, "To, ɗan boko."

Ana gobe sunan ɗan yayata, da dare na laluba bayan kabad na zare wayar wuta, na kwanta abina. Da safe rauta na nan tana ƙyafta ido. Ashe firiza na kashe. Kunun ayar baƙi, jarka biyu, ya yi tsami.

Inna ta yi dariya har da hawaye. Har yau in na yi sallama, sai Yaya ta ce, "Ku tsare firiza, ga shi nan!"