Sufeton Fanka da Buhun Soda

Bari in faɗa maka tun farko, don ni ba na ciniki a rufe. Na yi asarar ƙofar sito, da rabin buhun soda, da man da ya rage a ganga. Na samu talabijin mai faɗin tabarma, da ma'aikaci na sati goma sha biyu, da shiru. A cikin ukun nan shirun ya fi komai tsada.

Duk abin daga bakin ƙanin marigayi mijina ya faro.

"Kashi goma sha biyu!" in ji shi, yana bugun ƙirji. "Don kama ɓarayi biyar? Ni da za a ba ni binciken nan da safe, kafin la'asar na ɗaure su, na wanke hannu, na koma shago. Mai sayar da ƙwaya ko tafiyarsa na gani na gane shi."

Gyaran fanka yake yi. Ina jin yawan zama da fanka ne ya sa bakinsa ya zama irin wadda makunninta ya lalace, in ta fara juyawa sai an ɗauke wuta. Tun da aka fara fim ɗin nan na masu safarar hodar iblis ya sa wa kansa suna Sufeto, mu kuma muka ƙara masa, muka ce Sufeton Fanka.

Ni sabulu nake yi. Shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, ban taɓa miƙa wa ɗan kowa hannu ba, kuma babu wanda ya taɓa rage mini farashi ya tafi yana dariya. Tsakar gidana da faɗi, ɗakin Sufeto kuwa in ka shiga sai ka fito da baya. Saboda haka duk ƙarshen mako da yamma sai ya ɗoro talabijin ɗinsa a baro, ya lulluɓe ta da bargo kamar jaririya, ya turo gidana. Maƙwabta su hallara, kowa da kujerarsa.

Fim ɗin da wani yare suke yi, ana rubuta maganar a ƙasa. Ni kafin in haɗa baƙi uku rubutun ya gudu, don haka Sufeto ne mai fassara. Mutum zai buɗe baki ya faɗi kalma biyu, Sufeto ya yi ta zuba har a canza wuri.

In an gama kallo kowa da ra'ayinsa. Malamar makarantar da ke jikin gidana ta ce fim ɗin ɓata yara zai yi.

"Ku duba fa! Miyagu su ne da motoci da gidan bene, jami'in kirki kuwa takalminsa a yage. Yaro ya ga wannan, wa zai so ya zama?"

Mai askin bakin layi ya ce shi abin da ya dame shi gemun ubangidan miyagun. "Mutum da duniyar nan a hannunsa, amma gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Tun kashi na biyu ban ƙara jin abin da ake faɗa ba."

Ni kuma na ce fim ɗin ƙarya ne daga sama har ƙasa. Mutum ya miƙa jaka, a miƙa masa jaka, kowa ya juya ya tafi. Ba "rage mini", ba "albarka", ba wanda ya yi kamar zai tafi a kira shi. A wace duniya ake ciniki haka?

"Yaya, ke ba ki san harkar ba," in ji Sufeto. "Ki tsaya a kan sabulunki."

A kashi na tara abin ya zo ƙofar gidana. Miyagun suka ɓoye hodar a cikin sabulun wata tsohuwa da ba ta san komai ba. Jami'in ya shigo, ya soke buhu da wuƙa, ya tsoma yatsa, ya lasa, ya gyaɗa kai. Sufeto ya miƙe tsaye yana tafi.

"Kun gani? Harshe! Ƙwararre ba ya buƙatar na'ura. Harshe shi ne komai!"

To, a daidai lokacin nan ina kan cinikin da ban taɓa samun irinsa ba. Wani mai babban gidan wanki yana son in riƙa kai masa sabulu duk sati. Sati uku muna ja. Ya tafi sau biyu, na tafi sau ɗaya, a gidana fa, na shiga ɗaki na rufe ƙofa na bar shi tsaye. A ƙarshe muka daidaita: farashina yana nan yadda na faɗa, kuma shi zai riƙa kawo mini soda daga wurin da yake sara. Ya aiko buhu biyu, na zuba sanda ɗari da arba'in, na jera su a sito suna bushewa. In ya zo ya ga kaya sun yi masa, na huta da yawon talla har ƙarshen rayuwata.

Sufeto ya gan shi sau ɗaya tak. Farar mota, baƙin tabarau, waya biyu, ga shi yana shinshina sabulu. Ya ja ni gefe yana raɗa.

"Yaya, kin shiga uku ba ki sani ba. Mutum ya kawo farin gari a buhu, ya tafi da sabulu. Me muka gani a kashi na tara?"

"Mun ga ƙarya."

"Amanar ɗan'uwana ce ke. Ba zan bari a yi miki abin da aka yi wa matar nan ba."

"In kana son riƙon amana ka gyara mini fankar da ka ɗauka tun bara."

Washegari ya hau babur ya bi farar motar. Ya naɗe fuska da gyalen matarsa don kada a gane shi. Can a tsakiyar hanya mai ya ƙare masa. Mai gidan wanki ya hango a madubi wani mutum da gyale mai furanni yana tura babur yana haki, tausayi ya kama shi, ya sa direba ya koma da baya. Suka ɗora babur a mota, suka ba shi ruwan sanyi, suka sauke shi a ƙofar shagonsa.

Da yamma sai ga shi yana tafiya kamar wanda ya ci yaƙi.

"Sun tsorata, Yaya. Sun gane ina bin su, har cin hanci suka ba ni."

"Me suka ba ka?"

"Ruwa. Amma ban sha duka ba."

Ranar ɗaukar kaya na kulle sito da sassafe na tafi sayo leda. Ashe fitata yake jira. Ya zo da sukurdireba ya kwance ƙusoshin ƙofar, ya shiga, ya jingine ta yadda ba za a gane ba. Ya sa mai aski ya hau katanga da waya don ya ɗauki hoton kamun, ya gaya wa rabin layi su tsaya kusa, yau za su ga abin da ya fi fim.

Sai ya zaro wuƙa ya hau kan sabuluna. Ya yanka na farko, ba komai. Ya yanka na biyu, ba komai. Mai hankali a nan zai tsaya. Shi ya ce ai miyagu ba sa sawa a sama. Ɗari da arba'in, ɗan'uwana, sai da ya mayar da su gutsattsari kamar za a ba kaji. Yana gama na ƙarshe ya ji ƙarar mota, ya ɗaga murfin ganga ya faɗa ciki. Gangar kuwa da sauran man haɗa sabulu har gwiwa.

Na dawo na haɗu da mai gidan wanki a ƙofar gida, muka shigo ina yabon kayana. "Alhaji, sabulun nan in ka wanke zanin gado da shi, mai zanin ba zai gane nasa ba." Na sa makulli a kwaɗo, ƙofar gaba ɗaya ta tafi ciki, rigijib, ta tsage biyu.

Kafin in ce wani abu murfin ganga ya tashi sama.

"Kowa ya tsaya inda yake!"

Mu mun tsaya. Shi ne bai tsaya ba. Ya ɗaga ƙafa zai fito, santsi ya kwashe shi, ganga ta kife da shi, ta gangaro tsakar gida tana juyi, kansa a waje, yana ta ihun kada kowa ya motsa. Turmi ne ya tare ta. Ya rarrafo ya fito yana ƙyalli tun daga gashi har yatsun ƙafa. Maƙwabta suka cika gidan. Mai aski a kan katanga yana cewa, "Sufeto, juyo nan, haske ya fi kyau!"

Ni idona a kan sabulu yake. Sati uku na ciniki, ga shi a ƙasa gutsi-gutsi.

"Sufeto," in ji Malama, "ka samu hodar?"

"Sun narkar da ita a ciki. Wayo ne da su. Amma uwar kayan tana nan!"

Ya jawo buhun sodan da ya rage, ya ɗaga wuƙa, ya soke shi yadda jami'in ya yi. Farin gari ya tsiyayo. Ni da nake sa safar hannu biyu kafin in taɓa abin nan, na daka tsawa.

"Kai! Kada ka kuskura!"

Ya juya wajen waya, ya nuna ni da wuƙa, ya yi murmushin tausayi. "Jama'a ku shaida. Tsohuwar ba ta san komai ba."

Tsohuwa. Ni. A gidana. Allah ya gani, na yi niyyar sake yin magana, kalmar nan ce ta tsaya mini a wuya. Kafin in haɗiye ta ya tsoma yatsa. Yatsan kuma da mai, ya kwaso gari da kyau. Ya lasa. Ya fara gyaɗa kai irin na jami'in, sau ɗaya, sau biyu. A na uku idanunsa suka fito.

Ban san mutum zai iya tsalle haka ba. Ya yi sama, ya dawo, ya zagaya turmi sau biyu, harshe a waje, yana fifita shi da hannu. Mai gyaran fanka ya rasa iska. Wanda ya zo kamawa shi ya cece shi: mai gidan wanki ya cafke ƙeyarsa, ya kai shi bakin famfo, ya yi ta sakar masa ruwa, sannan ya sa direba ya kai shi asibiti a farar motar nan. Karo na biyu ke nan da ta ɗauke shi kyauta.

Da gida ya lafa, bawan Allah ya cire tabarau don ya goge. Ashe aikin ido aka yi masa.

"Hajiya, ni ma ina kallon fim ɗin," in ji shi. "Wurin lasar nan na ce wa iyalina, wannan ƙarya ce, babu mahaukacin da zai sa garin da bai sani ba a baki. Zan koma in ba su haƙuri." Ya dubi sabulun ya girgiza kai. "Kayan nan sun lalace. Don zumunci zan ɗauka, amma sai kin rage kashi ɗaya cikin uku."

Nan jinina ya dawo jikina.

"Albarka. Ran da na je wurinka, me na ga yaranka suna yi a bakin tukunya?"

"Suna yanka sabulu, don ya narke da wuri."

"To ga shi an yanka maka. Aiki ne aka yi. Kai za ka ƙara mini."

"Hajiya, ki ji tsoron Allah!"

"Shi nake ji, shi ya sa ban ce ninki ba."

Ya tafi har bakin mota, na juya na shiga shara. Ya dawo. Muka tsaya a farashin farko, da sharaɗin daga yau a yanke zan riƙa ba shi, don ya ga hakan ya fi masa. Ciniki ya tsira, amma ya bar ni da sabon aiki: wa zai zauna yana yanka sanda ɗari da arba'in duk sati?

Likita ya ce harshen zai warke, amma kwana tara ba magana. A ƙarshen makon mai aski ya turo talabijin, Malama ta karanta mana rubutun. Ashe wanda Sufeto ya ce mana uban jami'in ne, mai gidan hayarsa ne. Sati tara muna tausayin mutumin da ba ya ga maciji da ɗansa.

A kwana na biyar matarsa ta kawo shi. Ya zauna a kan turmi, baki a kumbure, ido a ƙasa.

Matar ta ce, "Yaya, mun zo ba da haƙuri. Ki faɗi abin da zai wanke laifin nan."

"Sati ashirin yana yanka mini sabulu. Na ga hannunsa ya faɗa."

Sufeto ya zabura. "Mmm! Mmm!" Ya ɗaga yatsu huɗu.

Na ce, "Ya ce ashirin da huɗu?"

"Mmmm!"

"Yaya, a yi masa sassauci, yana da shago."

"To, goma sha biyu, adadin kashin fim ɗinsa. Da wuƙarsa zai zo. Ya gyara ƙofa, ya dawo mini da fankata. Kuma in ana kallo a gidan nan, bakinsa a rufe."

Matar ta dubi mijinta, ta dube ni, ta matso da kujera.

"Yaya, kwana biyar ɗin nan har kukan tsuntsaye nake ji a gidanmu. In za ki sa sharaɗin rufe bakin ya kai har can, talabijin ɗin ma ki riƙe."

Sufeto ya miƙe yana kaɗa hannu biyu kamar fankar sama. Na jira ko zai ce albarka. Bai ce ba.

Tun da nake ban taɓa ganin mai biya ya ƙara wa kansa farashi ba, kuma ba a kaina za a fara mayar da alheri ba. Sati goma sha biyu, da ƙofa, da fanka, da talabijin, da shiru a gida biyu.

Na ce, "Na sallama."